Funfunar Tuwon Kakata

Jiya likita ya ce maganin ciwon dajin da za a ɗura mini, daga ƙananan halittun da ke ruɓar da abubuwa a cikin ƙasa aka samo shi. Nan take na tuno kakata a garin Dayi, farkon samun 'yancin kai. Takan bar tuwon dawa ya yi funfuna, ta kankaro koren ta shafa a gyambon ƙirjinta. Warin har yau yana hancina. Ranar da na ga ciwon ya kai hammata, na fasa kuka.

"Yi shiru, 'yar nan," ta ce, "ruɓaɓɓen abu ma da aikinsa."

Ba ta kai cirar auduga ba. Ga ƙullutuna yanzu daidai inda nata ya fara. Allah ya jiƙanta, ya sa nawa maganin ya karɓe ni.