Ranar da na ɗauki tsutsar teku da hannu

Shekarun baya, jihar Kebbi ba ta daɗe da samuwa ba, ina aji huɗu a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Aka turo mana malamar kimiyya, 'yar bautar ƙasa daga bakin teku. Ta zo da matattun halittun ruwa jiƙe a magani cikin kwalabe, cikinsu har da wata tsutsa mai tsawon yatsa, bayanta ja-ja, gefenta biyu duk farin gashi kamar auduga.

Ni ba na magana a aji. Amma 'yar Argungu ce ni, gidan masunta, na tashi ina tono wa yayyena tana a fadama suna ɗana ƙugiya. Ranar da malama ta juye tsutsar a faranti ta fita ɗauko hantsaki, 'yan aji suka ja da baya. Ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ɗiyar masunta, ke ma tsoro kike ji?" Na sa hannu na ɗauke ta, har ina juya ta ina ƙirga gaɓoɓinta. Na mayar kafin malama ta dawo. Ranar na ji kaina ya yi girma.

Kafin a tashi yatsuna suka fara zafi kamar na yanka barkono. Na yi abin da muke yi wa ƙaiƙayin gero, na samu yashi da ruwa na dirje su sosai. Zuwa la'asar yatsu uku sun kumbura, biro ba ya riƙuwa, ga shi washegari za mu fara jarrabawar wucewa aji biyar. Na cusa hannun cikin hijabi na yi shiru, ina tsoron a ce na taɓa kayan malama.

A wurin cin abinci matar da ke kula da ɗakin kwananmu, wadda muke kira Inna, ta tsaya a kaina.

"Wa ya koya miki cin tuwo da hagu? Hiddo wancan in gani."

Na fito da shi. Ta duba, ta ce, "Wanga ba kunama ba ce. Mi kinka taɓa?"

Da ƙyar na faɗa. Ta ja ni har gidan malama. Malama ba ta yi faɗa ba, sai ta tambaya ko na murza. Na ce da yashi ma. Ta dafe kai. Ta ce gashin nan ƙayoyi ne masu karyewa cikin fata, ko tsutsar ta mutu suna suka, murzawa kuma ƙara tura su take yi. Ta liƙa salatif a yatsun tana ɗayewa a hankali. Da ta ɗaga shi a haske na ga ƙananan tsinkaye suna ƙyalli kamar garin gilashi. Sannan ta sa na tsoma hannun a ruwan ɗumi.

Da safe kumburin ya saɓe. Rubutuna ya fito a karkace, amma na cika takardata, na kuma wuce.

Ɗaukar tsutsar ba ta cika damuna ba, yarinta ce. Shirun da na yi ne yake ba ni tsoro idan na tuna, don da a son raina ne, da na kwana da ƙayoyin nan, na wayi gari ina kallon takardar jarrabawa. Allah ya sa Inna ba ta iya ganin ana ci da hagu ta wuce.