Saƙon Unguwa a Bayan Keken Malam

Abin da zan faɗa muku a gabana aka yi shi. Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya, ni kuwa har yau ban gano wurin dariyar ba.

Ina da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani mai fataucin kanwa ya aure ta a garin Katagum, inda aka haife mu, ya tafi da ita ƙasar Nijar, wani ƙauye can gaba da Maigatari. Ni kuma aure ya kawo ni Azare. Shekara ashirin da ɗoriya ban sa ta a idona ba, sai dai labari: ta haihu, ta yaye, ta aurar, mijin ya rasu. Ran da aka ce mini ƙafa ta fara kayar da ita, tuwo ya daina yi mini daɗi. So nake ta ji daga gare ni tun mu biyun muna numfashi.

Lokacin kaset ya cika gari. Wanda bai iya rubutu ba sai ya yi maganarsa a rediyo a kai wa nasa. Na aro rediyon maƙwabta, na ɗaura sabon zani, na zauna a gabanta. Na yi sallama, na jira. Na ce ina gajiya, na jira. Na gai da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne na bar masa wurin amsawa, don ba a tarbiyyantar da ni da katse mutum ba. Da aka juyo kaset ɗin, rabinsa shiru ne, a sauran rabin kuma akuyarmu ta fi ni magana. Duk da haka na naɗe shi a ƙyalle, na ce ya isa.

Saura mai kaiwa. Maigidana, Malam, tela ne a bakin kasuwa, mutum mai nauyin baki, in ya ce zai yi to ya gama yi. Ya ce shi zai kai da hannunsa. Sai dai Allah ya jarrabe shi da abu guda: ba ya iya shiga mota. Kafin a bar tasha cikinsa ya juya. Sau ɗaya aka kai shi ɗaurin aure Yana a bayan a-kori-kura, aka sauko da shi kamar buhun gero, direban ya bi shi har gida yana roƙonsa kada ya sake. Don haka ya ce a keke zai tafi, baƙin kekensa mai kariya a baya, wanda yake wankewa kafin ya wanke fuskarsa.

Yana da amini, tsohon duba-gari, Kirista ne daga kudancin Bauchi, aiki ya kawo shi Azare har ya yi ritaya a nan. Duba-gari muke ce masa. Da ya ji, sai ya ce shi ma da shi a nasa keken, ba zai bar tela ya shiga ƙasar Faransa, wato Nijar, shi kaɗai yana shan ruwan da ba a tafasa ba.

Daga nan zaurenmu ya zama ofis. Kullum bayan la'asar Duba-gari zai zo da wata taswira da ya ciro daga bangon tsohon ofishinsu, su shimfiɗa ta a tabarma, su danne gefunan da takalma. Malam ya kawo zaren ɗinki, su bi hanya da shi, ya datse da haƙori. Tsawon yatsa guda, tafiyar yini guda. Gadau, Katagum, Haɗeja, Malam Madori, Gumel, Maigatari, sai a tsallaka. Yatsa shida, kwana shida. Sun kwana biyu suna gardamar yatsan wa za a yi awon da shi, don na Duba-gari ya fi tsawo, Malam kuma yana ganin da nasa yatsan tafiyar za ta fi sauƙi. Suka tanadi faci da sholisho da abin hura iska, buta, gidan sauro, da wata tukunyar tafasa ruwa da Duba-gari ya ce in babu ita babu shi. Da sassafe sukan ɗaura buhun yashi a kariya su nufi hanyar Gadau su dawo, wai ƙafa ta saba. Ni ina ciki ina dakan dakuwa da ƙuli-ƙuli, ina soya gero na guzuri.

Har nan komai lafiya. Sai ranar Juma'a Malam ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa jama'a bankwana da babbar murya, ya nemi gafarar kowa, ya lissafa garuruwan da zai bi.

Asabar da hantsi mata suka fara sallama.

Kun sani, ba a mayar da saƙo. In aka miƙo wa matafiyi, da hannu biyu yake karɓa, ya ce Allah ya kai mu, daga nan ya zama amana a wuyansa. Ta farko daddawa ta kawo, a kai wa 'yarta a Gadau. Ta biyu man shanu a ƙwarya. Aka kawo tabarmi, aka kawo kwalbar man gyaɗa mai toshiyar totuwa, aka kawo zakara ɗaure da ƙafa na wani jika a Haɗeja, da sharaɗin a riƙa ba shi ruwa. Wata ta kawo na Yana, Malam ya ce mata Yana ai baya take, ta ce to sai ya fara da ita ya huta. Hajiyar bayan gidanmu ta sa aka mirgino turmi, ta ce ba shi da nauyi, icen ya bushe, a danƙa wa ƙanwar mijinta hannu da hannu.

Sai wata tsohuwa mai sanda ta zo da ƙullin kuka da barkono, na ɗanta da ya tafi Sudan tun tana da haƙora.

Malam ya ce, “Inna, Nijar fa za ni.”

Ta ce, “To ba ƙasar waje ba ce? In ka je ka tambaya. Su can duk sun san juna.”

Ya karɓa da hannu biyu.

Ranar da aka gwada lodi, na leƙo ta bakin zaure. Da aka ɗora turmin a kan sauran kayan, ƙafar gaba ta keken ta tashi sama a hankali kamar mai addu'a, ta tsaya a can. Zakaran ya yi cara. Aka raba kayan gida biyu, Duba-gari, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kama mata da laifin barin daddawa a buɗe, ya samu ƙulli uku a ƙarƙashin hancinsa.

Suka koma kan taswira. Yanzu zaren ba miƙewa yake ba, sai ya yi kudu, ya dawo, ya ratse wani ƙauye, ya sake ratsewa. Farin zare ya ƙare aka ɗaura ja. Da aka auna, kwana goma sha tara. Kuma duk kwanan da suka ƙara suna shiri, sai wani saƙon ya shigo, shi ma ya ƙara kwana. Ga gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Na san in ruwa ya sauka fadamar Katagum ta cika, ba keke ba, ko jaki sai ya yi tunani. Kaset ɗina yana aljihun Malam, ƙanwata tana can da ƙafarta, ni ina nan ina ba zakaran mutane ruwa.

Wata rana matar Duba-gari ta shigo taya ni tankaɗe. Atamfa take sarowa daga Kano, ta san kowace tasha. Ta dube ni ina share ido da bakin zani, ta ce, “Maman yara, wai ke ma amai kike yi a mota?”

Na ajiye rariya. Na daɗe ina tunani, don ba na son amsa abu da gaggawa. Sau biyu na taɓa shiga mota a rayuwata, kuma duka biyun har gyaɗa na ci a ciki. Na ce mata a'a. Ta ce to me ya hana ni tafiya da kaina? Na ce ba wanda ya taɓa tambayata, ni ma ban tambayi kaina ba. Ta ce ita za ta raka ni, dama tana son ganin irin zannuwan da ake ci a can.

Bayan azahar na durƙusa gaban Malam na faɗa masa. Na ɗauka zai yi fushi. Can ya ce gaskiya wannan dabara ce, kuma ya yarda, amma shi ba zai fasa ba, ya riga ya yi bankwana a masallaci, ga amanar mutane. Ya sassauta murya ya tambaya ko za a iya sa turmin a mota. Duba-gari ya tuna masa Hajiya hannu da hannu ta ce, kuma hannunsa ta nuna. Na ce wa Malam to ya ba ni kaset ɗina.

Ya dafe aljihu ya ce, “Wannan ma saƙo ne. Ni aka ba.”

Suka tashi ranar Litinin, rabin unguwa na biye da su har bakin gari, suka nufi Yana, wato suka juya wa Nijar baya. Mu sai da muka kwana tara muka shiga motar 'yan kasuwar Maigatari. Gaba da Haɗeja kaɗan, matar Duba-gari ta taɓa ni ta nuna taga. Ga su Malam nan a gefen hanya cikin rairayi, sun sauka suna turawa, sun yi baƙi sun rame, turmin na nan daram, kuma fuskarsu wajen da muka fito take kallo. Na ja mayafi na rufe fuskata, don bai kamata mace ta wuce mijinta a guje yana ganinta ba. Sai da na kwana goma sha biyu a gidan ƙanwata suka iso.

A bakin iyaka wani mai kaki ya tambaye mu ina za mu, na ce gidan ƙanwata, ya ce mu gaishe ta. Daga nan amalanken shanu ya ƙarasa da mu, rana ta yi sanyi muka shiga ƙauyen.

Na same ta a tsakar gida, ta miƙe ƙafar a tabarma, faifan wake a cinyarta tana tsinta. Na yi sallama. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, har waken ya fara zuba ta gefen faifan.

Ta ce, “Yaya, ke ce? Wallahi na ɗauka Innarmu ce ta dawo. Haka kika tsufa?”

Na ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Ta matsa ta ba ni wuri, na zauna, na ɗora ƙafar a cinyata ina matsa mata. Ta turo faifan tsakaninmu, ta ce in sa ido sosai, waken bana duk tsakuwa ne.