Yadda Iya Take Cewa A'a

Yau da safe na miƙa wa 'yata koko, sai ta ɗaga haɓa, ta ɗage gira, ta yi 'yar ƙara da harshe, wato ba ta sha. Nan take kakata Iya ta faɗo min a rai.

Ina shekara sha biyar aka kai ni wurinta a Ajingi. 'Yan mata suna tsokanata da Baturiya saboda hasken fatata, a Islamiyya kuma aka zane ni, wai na yi wa malama tsaki da na ɗaga haɓa na ce a'a. Na dawo ina kuka, na tarar da Iya tana ɓarar gyaɗa, hannunta duk ƙamshin ƙasa.

Ta ce, "Yi min in gani."

Na yi. Ta yi dariya har da ƙwalla.

"Ba tsaki ba ne, 'yar nan. Haka ubana yake cewa a'a. Mutumin Girka ne, mai sayen gyaɗa a Gaya. Yarensa ya tafi da shi, wannan da hasken fata ya bar mana."

Na tambaye ta ko in daina. Ta ɗaga haɓa.

Allah ya jiƙan Iya, ya sa kada a ɗaga mata haɓa a ƙofar Aljanna.