Hanjin Da Aka Hana Ni Wankewa

Har yau wata Laraba ba ta fita raina ba, a mahautar ƙauyenmu da ke hanyar Bici. Mu huɗu ne: ni Tabawa mai wankin kayan ciki, da Sarkin Fawa Malam Ado, da Sani duba-gari, sai Rabi, likitar dabbobi daga Kano.

Ga wanda bai san aikinmu ba, in an feɗe dabba ni ake miƙo wa hanji. In juya shi da kara, in kankare yauƙin cikinsa, in ɗauraye sau uku. Duba-gari ya shafa, in ya ji santsi ya ce ƙwayoyin cuta ne, a sake. Ni dai ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Wata biyu Rabi ta yi tana kiwon awaki shida da abinci na musamman, don binciken da za ta kai wa malamanta. Ranar aka yanka uku. Ta ce a ajiye mata hanjin, ta tafi mota ɗauko ƙanƙara. Ni kuwa ba na ajiye wa baƙo ƙazanta. Kafin ta dawo na wanke su tas.

Ta leƙa kwanon, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Inna, ina yauƙin?"

"Yana kwata, inda ya dace."

"Shi na zo ɗauka. In na gobe ma suka tafi haka, shekarata ta tafi."

Na ce ta yi mini bayani, ba na son kuka. Ta ce hanji cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. In sun ci dusa sai su fitar da wani abu kamar saƙo. Sojojin jiki masu gadin wurin su ji, su sa bangon hanji ya ƙara yauƙi, don kada halittun su taɓa nama.

"To abokai ne ko maƙiya?"

"Duka biyun, Inna."

"Kuma su ke sa a gina katangar da za ta tare su?"

"Haka ne."

Na juya ga Sani. "Kai da ka ce mini cuta ce?"

"Inna, ni mataccen hanji nake dubawa," in ji shi, yana kallon takalminsa.

Malam Ado ya ce, "Tabawa, yau tsabta ta ja miki." Kaina ya ɗaure. Abin da ba shi da baki, da me yake aika saƙo? Abu ɗaya na riƙe: a wannan aiki in an ce ajiye, a tambaya yaya.

Washegari na riga kowa isowa. Aka yanka ukun, na karɓi hanjin da ƙazantarsa, na rufe da faifai, na zauna gadi. Da na ga babu mai kallo, na kasa kunne bakin kwanon. Shiru. Sai ga Sani da bokitin ruwa kamar kullum, ya miƙa hannu zai buɗe faifan.

Na buge masa hannu. "Kada ka taɓa. Ba su gama magana da likita ba."