Wayar Mai Tamis

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Mahjar a Jidda ba ni da ko guntuwar takarda, akwai wani ɗan Afganistan mai gasa tamis a bakin layinmu, gurasar nan mai faɗi da ake ci da safe. Ni nake sauke masa buhunan fulawa, a haka muka saba. Larabcinsa gurgu, nawa ma gurgu, amma hira ba ta gagare mu ba. Shi ma iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, fasfonsa kuma yana hannun kafilinsa, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, wanda ya tsere wa.

Wata safiya na iske tanderu ba wuta, abokina yana zaune a ƙasa riƙe da waya. An yi girgizar ƙasa a yankinsu. Gidajen ƙauyen na laka ne, duk sun kwanta. Matarsa da mahaifiyarsa da ƙaramin ɗansa, gawarsu aka tono. 'Yarsa kaɗai ta fita da rai, ita ma gini ya danne mata ƙirji. Tana kwance a tanti, duwatsu sun toshe hanyar asibiti.

Ya ce, "Sadiƙ, yaya zan yi in je?"

To ni a lokacin gani nake ba abin da ban sani ba a Jidda. An taɓa kama ni aka mayar da ni Kano cikin sati guda, na sake dawowa da bizar umra. Sai na gyara tsayuwa kamar wani lauya, na ce, "Halas, shi ke nan, miƙa kanka ga jami'ai. Jirgi kyauta, sati ɗaya kana gida." Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara da iyayi: "Wayar nan bar ta a wurina, can ciki ɓacewa za ta yi."

Bai yi musu ba. Ya miƙo min ita, ya tafi.

Abin da ƙwaƙwalwata ba ta kawo min ba shi ne, mu 'yan Najeriya muna da yawa, jirginmu ba ya daɗewa bai cika ba. Shi kuwa sai an jira takardar tafiya daga ƙasar da ke fama da tono mutanenta.

Washegari bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Muryar yarinya ce, siririya, tana numfashi da ƙyar. Maƙwabcinsu ne ya ara mata waya. "Baba" kawai na gane. Na ce mata da Larabci yana hanya, ba ta ji ba. Na maimaita da Hausa, wai ko Allah zai sa. Sai ta fashe da kuka.

Kullum a wannan lokacin take kira. Na nemo wani ɗan ƙasarsu mai shago a unguwar Balad, na riƙa zuwa wurinsa kafin la'asar yana fassara min. Rana ta uku ya cire wayar daga kunne ya dube ni.

"Ta ce ko babanta fushi yake da ita, don ba ta jawo ƙaninta ba lokacin da ɗakin ya faɗi."

Ya yi mata bayani, ya rantse mata. Ta ce in gaskiya ne a ba babanta wayar ya faɗa da bakinsa.

Sau biyu ina zuwa inda ake tsare da shi. Daga tsallaken titi nake tsayawa in juyo, don na san in na shiga ni ma ba zan fito ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Ran nan aka kira, sai muryar namiji. Mai shagon ya saurara, ya yi salati, ya miƙo min wayar bai kalle ni ba.

Sai da abokina ya yi wata biyu kafin aka sa shi a jirgi. Da ya isa ya ga kabarin, ya kira lambarsa, wayar tana hannuna. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Sadiƙ, ta kira?"

Na ce, "Kullum."

"Me take cewa?"

Na ce, "Gaishe ka take yi."

Tun daga nan bakina ya mutu wajen ba da shawara. Na san ko da ya zauna a Jidda ba zai iya buɗe mata hanyar asibiti ba, wannan ba a hannunsa yake ba. Amma yarinyar nan ba jirgi ta nema ba, ba magani ba. So take ubanta ya ce mata ba laifinta ba ne, kuma ta rasu ba ta ji ba. Ni na jawo mata wannan, har yau ban yafe wa kaina ba.