Rigunan da Suka Yi wa Nazira Yawa

A wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Watari, inda gonar wannan take ƙarewa a jikin dangar wancan, da wuya ka sami yaron da bai taɓa sa ɗinkin Inna Aina'u ba. Keken ɗinkinta na hannu ne, baƙi, mijinta marigayi ya sayo mata shi tun tana amarya. Ba ta yi wa manya ɗinki. In mace ta kawo mata atamfa sai ta ce, "Kai wa tela a Bagwai. Ƙyallayen da suka rage su ne nawa." Da ƙyallayen nan take fitar da riguna da huluna da 'yan tsana masu cikin auduga.

Ba ta da tef ɗin awo. A cinya take ɗora yaro ta auna shi da taƙi, babban yatsa da na tsakiya suna tafiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, sannan ta zagaye cikinsa da hannu tana yi masa cakulkuli. Duk mai lura zai ga awon yana daɗewa fiye da yadda ɗinkin yake buƙata.

Girkinta ma na yara ne. Kunun gyaɗarta sai ta tace ta sake tacewa. Ɗanwakenta ƙanana ne kamar ƙwayar gurjiya, don kada ya shaƙe mai sababbin haƙora. Matan da iyayensu suke nesa, gidanta suke kai 'ya'yansu yaye, a yi kwanaki ana lallashi da faten kabewa har yaro ya manta da nono.

Mutanen ƙauyen suna cewa Allah ne ya yi ta da son yara. Wasu su ce lada take tarawa. Duk ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su tono har gindi ba. A gindin akwai Nazira.

Nazira ce 'yarta ta fari, kuma a nan uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Mata da yawa sukan yi kunyar a tsakar gida su warware ta a ɗaki. Aina'u ba ta warware ba. Surukarta ta taɓa nuna ta a gidan suna ta ce, "Ku ga yarinya mai kunya," yabon ya yi mata daɗi, ta hau shi ta kasa sauka. Da aka yaye Nazira, Gwaggo Tani, yayar mijinta, ta ɗauke ta riƙo zuwa Bagwai. Aina'u ba ta ce komai ba, aka ƙara yabonta.

Kowace Sallah takan ɗinka riga ta aika Bagwai, kuma kowace Sallah rigar sai ta yi yawa. Nazira ta tashi tana naɗe hannun riga, yaran unguwa suna ce mata mai rigar aro. Tun tana ƙarama ta yanke wa kanta hukunci: matar da ta san awon kowane yaro a ƙauye ba ta san nata ba, don ba ta damu ta sani ba.

Yanzu Nazira tana aure a Minjibir, ɗanta Khalilu ya isa yaye. Gwaggo Tani ta rasu bara. Mijin Nazira, Basiru, ya ce a kai yaron wurin kakarsa kamar yadda aka saba. Nazira ta ce za ta je ta gani. In hankalinta bai kwanta ba, za ta dawo da abinta ta yaye shi da kanta, ai matan birni haka suke yi. Maganar ta iso kunnen Aina'u yadda aka faɗe ta. Ta soya gyaɗa, ta surfa gero, ta ware ƙyallaye mafi laushi, amma ba ta sa musu almakashi ba.

Da hantsi suka iso. Maƙwabciyarta Mairo tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Nazira ta durƙusa ta gaishe da uwarta, Aina'u ta amsa tana kallon tukunya. Sai ta juya ga yaron, fuskarta ta sake gaba ɗaya.

"Maigida, sai yau? Ka bar ni ba cefane, kuma ka zo mini hannu rabbana?"

"Ki kai shi ƙara wurin mai unguwa," in ji Mairo. "Mijin da ko wando bai iya ɗaurawa ba."

Khalilu ya ɓuya a bayan uwarsa. Nazira ta zauna a bakin tabarma, jakar kayansa a kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu. Aina'u ta ga jakar, ta san ma'anar riƙon.

Ba ta jawo yaron ba. Ta mirgino masa ƙwallon tsumma, ya biyo shi har gabanta. Ta ɗebo kunu a ɗan ƙaramin ludayi, ta kurɓa da kanta tana lumshe ido kamar ba za ta ba kowa ba. Ya miƙo hannu. Kafin kunun ya huce yana kan cinyarta, gemunsa duk ya yi fari. Sai yatsunta suka fara tafiya a bayansa.

Nazira ta daɗe tana bin yatsun da kallo.

"Ashe Inna ta iya awo," ta ce.

Aina'u ta ci gaba da awonta.

"Ni dai nawa kullum sai na naɗe. Mai rigar aro, haka ake kirana a Bagwai har na gama firamare."

"Ke Nazira," in ji Mairo, "haka ake yi wa uwa magana?"

"Tambaya na yi, Baba Mairo."

Aina'u ta goge wa yaron baki da gefen zaninta. Ba ta ɗago ba. Da ta yi magana, shi ta yi wa.

"Maigida, gaya wa mai tambaya, ita da ido aka auna ta. In an kawo ta gaisuwa, daga ƙofar madafa ake leƙenta, a dawo a yanka." Ta gyara masa zama. "Ka kuma gaya mata, in riga ta matse, Tani kyautar da ita za ta yi a ranar. In ta yi yawa kuwa, dole a bar mata abarta. Ta sa bana, ta sa baɗi."

Hannun Mairo ya tsaya a cikin kwanon gyaɗa. Khalilu, da ba ruwansa da saƙon, ya cusa ludayin a bakinsa.

Nazira ta sunkuyar da kai. Ta tuna wata riga mai ruwan ganye da ta fara sawa tana jan ƙasa, ba ta rabu da ita ba sai da ta tsaya mata a gwiwa. Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta. Da ta fito babu jaka a hannunta. Ta zo gaban Aina'u ta durƙusa, ta juya mata baya, ta zame mayafinta daga kafaɗa.

"To ga ni," ta ce.

Aina'u ta dubi Mairo. Shekaru masu yawa idon mutane ne ya riƙe mata hannu, ga kuwa ido a zaune a tabarmarta.

"Ni gyaɗa nake ɓara," in ji Mairo. "Ban ga komai ba, sai dai in an tambaye ni a gidan suna."

Aina'u ta ɗora babban yatsanta a kafaɗar 'yarta. Ta auna, ta ce ta manta, ta sake aunawa. Sunan 'yar tata bai fito daga bakinta ba, Nazira kuma ba ta nema ba.

Bayan la'asar Nazira ta hau motar komawa ita kaɗai. Khalilu yana goye a bayan kakarsa yana tsala kuka, ita kuwa tana zagaye tsakar gida da shi tana faɗa masa duk abin da za su ci gobe.

Da Sallah ta zo aka kai wa Nazira ƙunshi a Minjibir, rigar babba ta farko da keken nan ya taɓa ɗinkawa. Kafaɗa ta zauna, wuya ya yi daidai. Hannun ne kawai ya ɗan wuce. Ta naɗe shi, ta fita gaisuwa.