Garmunan Da Na Hana Fita

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na daina kula mutane, Allah ya shirye ku, jinya nake.

Ga wanda bai san ni ba, maƙera gare mu a Malumfashi, muna ƙera garmar shanu da fartanya. Mutum goma sha ɗaya ke aiki a ƙarƙashina, har da ƙanena Sani, wanda ya fi ni iya riƙon guduma, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

Sana'ar gado ce. Kakan kakanmu ya yi ƙira tun Turawa ba su zo ba, kuma da labarinsa aka raine mu. Wai ƙarfe ba ya barin hannunsa sai ya ƙwanƙwasa ya saurara. In amon ya fita garau, a miƙa wa mai shi. In ya ji 'yar rawa a ciki, to akwai tsaga, a mayar wuta. Ko kabarin mutumin nan ban sani ba, amma shekara ashirin ina jin kamar yana tsaye a bayana ya kasa kunne.

Shi ya sa babu garmar da ke fita sai ta bi ta kunnena. Ko ɗaurin aure na tafi Musawa, kaya su jira ni.

Abin ya fara da wata siririyar ƙara a kunnen hagu, kamar kukan sauro. Na share. Ran nan muna sallar Azahar na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe a bayana, ƙarfe mai tsaga. Aka sallame na waiga, ba kowa sai masu tasbihi.

Ban gaya wa kowa ba. Wallahi a raina cewa na yi kakan nan namu ne, wani aiki ya fita da aibu yana tuhumata.

Gab da faɗuwar damina Sani da ma'aikata suka gama garma talatin. Na buga ta farko, tsaga. Ta biyu, tsaga. Har ta ƙarshe.

Sani ya ce, "Yaya, wallahi lafiyarsu ƙalau."

Na ce, "Kai ne za ka koya mini amon ƙarfe?" A gaban ma'aikata na faɗa. Na kulle garmunan a sito, na jefa makulli a aljihu.

Cikin masu jira akwai Malam Idi, wani dattijo daga ƙauyen Bakori da garmarsa ta karye. Sau uku yana zuwa a kan acaɓa. Zuwa na uku ya ce, "Alhaji, ƙasa ta jiƙa, shanu na tsaye."

Na ce ba zan ba shi abin da zai zubar da sunan gidanmu ba. Har wani daɗi na ji da na faɗi haka, ni a dole mai amana.

Kwana biyu tsakani jiri ya kwashe ni, na zube dab da wuta. Rufin maƙera na juyawa, ina ta kwara amai.

A asibiti a Funtuwa nas ta auna jinina, ta sake aunawa, ta fita ta kira wani. Ƙarin ruwa, allura, kwana shida. Daga nan aka tura mu Zariya hoton kai da gwajin ji. Bijimi guda na sayar kafin a gama.

Gwajin jin nan ba zan manta shi ba. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka toshe mini kunnuwa da na'ura, aka ce in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na yi ta dannawa. Ashe rabin lokacin ba abin da suka kunna.

Likitar ta ce, "Baba, kunnen hagu ya yi rauni sosai. Dukan guduma na shekaru ne, ga hawan jini. Ƙarar nan daga cikin kanka take. Za ta ragu, amma ba lallai ta tafi ba."

Na ce, "In na buga ƙarfe fa?"

Ta ce, "Za ka ji kamar daga ƙarfen take fitowa."

Matata Hajiya Balaraba ba ta taɓa ganin hawayena ba sai ranar. Na kira Sani, wanda ya rako mu, na miƙa masa makullin sito. Washegari ya bugo waya: ashirin da tara lafiya lau, ɗaya ce mai tsaga. A lokacin sati uku ke nan da saukar ruwan shuka.

Yanzu Alhamdu lillahi, jirin ya tafi, ina shan magani kullum. Sani ke sallamar kaya, ni ina gefe da auduga a kunne. Wani lokaci hannuna ya yi ƙaiƙayi in ƙwanƙwasa, in ji tsagar nan sarai, in cije in yi shiru a loda kaya. Ba ya mini sauƙi har yau.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya, da likitoci, da ku masu addu'a. Sani, na faɗa a gaban mutane, yau ma a gaban mutane nake cewa ka yafe mini. Masu aikin ƙarfe da masu injin niƙa, ku toshe kunnenku, ku riƙa auna jini. Maigidan da ya ga kowa ya yi kuskure sai shi kaɗai, ya fara zuwa a duba shi.

Da kaka ta yi na ɗauki garma na je wurin Malam Idi. Ya zagaya da ni gonarsa. Rabi dawa, rabi ciyawa, don da hannu ya yi huɗar da ya iya. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, na nemi gafara.

Ya ce, "Ba komai, Alhaji. Amma da ka ba ni ko mai tsagar ce. Ai da ta gama mini huɗa, in kawo a gyara."

Furar nan ban iya shanta ba.